Rana da fatar fuska: bayani kan kariya ta kullum ga mazauna ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu

Kare fuska daga rana na nufin rage yawan hasken da ke sauka a kan fata a kowace rana, ta hanyar inuwa, da sutura, da kuma wani mai na musamman da ake shafawa. A kantunan magani na Sudan ana kiran wannan mai "waƙi shams" da Larabci, a Nijar da Kamaru da Cadi kuma za a ga an rubuta "crème solaire" ko "écran solaire" a jikin robarsa. Mutane da dama na ɗaukarsa a matsayin kayan Turawa masu zuwa bakin teku. Gaskiya ne cewa baƙar fata ba ta cika ƙonewa ba, amma rana na yi mata wata ɓarnar dabam, kuma akwai rukunin mutanen da wannan mai ya zama musu magani, ba kayan kwalliya ba.

Yanayin ranar yankin

Hausawa sun daɗe a gaɓar kogin Shuɗin Nilu. Garin Mai Wurno da ke kudu da Sinnar ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya jagoranci jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira, Hausawa da Fulani da sauran mutanen yamma suka shiga cikin waɗanda suka riƙe aikin ƙwadagon gonakin auduga. Har yau sana'o'in da aka san su da su, wato noma da lambu a bakin kogi da su da talla, duk a fili ake yin su.

Wad Madani na kan layin digiri 14 ne a arewa da tsakiyar duniya, kusan daidai da Damagaram, Damazin kuma na kusa da layin digiri 12 kamar Kano. Saboda haka abin da ya shafi manomin Jazira ya shafi na Maraɗi da na Katsina. A wannan tsakani rana na tsayawa tsaye a bisa kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. Ma'aunin ƙarfin hasken UV da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya ba da shawarar a fara neman kariya daga lamba 3, kuma ya ɗauki 11 zuwa sama a matsayin matuƙar haɗari. Da tsakar rana a wannan yanki, ma'aunin kan kai 11 ko ya wuce a watanni masu yawa na shekara.

Zafi da hasken UV ba abu ɗaya ba ne. A watan Janairu, lokacin cirar auduga, iska na da sanyi amma hasken na nan. A damina, lokacin noman dawa da gyaɗa, hadari marar kauri na iya barin har kashi 80 cikin 100 na hasken ya ratsa. Busasshen yashi kuma na maido da kusan kashi 15 cikin 100 na abin da ya sauka a kansa zuwa sama, don haka mai aiki a bakin kogi na shan haske ta sama da ta ƙasa.

Abin da hasken ke yi wa baƙar fata

Hasken UV da ke isowa ƙasa iri biyu ne. UVB shi ne mai ƙona saman fata. UVA, wanda ya kai kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ke isowa, yana shiga can ciki, ya lalata zaruruwan da ke riƙe fata, ya jawo tamoji da wuri. Sinadarin melanin da ke ba fata launinta yana tare wani kaso mai yawa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1979, wanda har yanzu ake kafa hujja da shi, ya ƙiyasta cewa kariyar da baƙar fata ke da ita da kanta ta kai kimanin SPF 13, ta farar fata kuma kimanin 3.

Matsalar baƙar fata ta fi fitowa ta wajen launi. Duk lokacin da ƙurji ko ƙaiƙayi ko ƙuna ya taɓa fuska, ƙwayoyin da ke yin melanin sukan ƙara aiki a wurin, sai a bar baƙin tabo bayan ciwon ya warke. Rana na ƙara wa tabon duhu, ta sa ya yi watanni bai gushe ba. Haka nan duhun da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi da saman leɓe, wanda Larabawa ke kira "kalaf", Faransawa kuma "masque de grossesse". Ya fi kama mata masu juna biyu da masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, kuma duk maganin da aka yi masa yakan dawo muddin fuskar na shan rana. Likitocin fata sun kuma gano cewa ba UV kaɗai ba, har hasken da ido ke gani, musamman shuɗi, yana ƙara duhu ga masu baƙar fata.

Game da sankarar fata, bai kamata a tsorata mutane fiye da kima ba. Ba ta da yawa a tsakanin baƙaƙe idan aka kwatanta da Turawa, kuma nau'inta mafi muni da ake kira melanoma ya fi fito wa baƙar fata a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta da hannu sosai. Duk da haka, rahoton haɗin gwiwa da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a Nuwamban 2023 ya ce kusan mutum 19,000 ne suka mutu a 2019 a faɗin duniya sakamakon sankarar fata da aiki a rana ya jawo.

Waɗanda suka fi buƙata

Na farko su ne zabaya. Jikinsu ba ya yin melanin yadda ya kamata, don haka ba su da garkuwar da sauran ke da ita. Yaro zabiya da ake turawa gona ko kiwo ba malfa zai fara samun ɓawo mai kaushi a fuska da kunne da leɓe tun yana ƙarami, kuma irin wannan ɓawon ne ke rikiɗewa ya zama sankara. A ƙasashen Afirka masu zafi wannan cuta na kashe zabaya da yawa tun suna da ƙuruciya. Su mai lamba 50 ya kamata su shafa kullum, rani da damina. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man kariya daga rana cikin jerin muhimman magunguna, kuma halin da zabaya ke ciki na daga cikin manyan dalilan yin hakan.

Na biyu su ne masu man bilicin, ko waɗanda suka taɓa yi suka daina. A kasuwannin Sudan an san ƙananan shagunan da ake kira "gadar zurufak", wato gwargwadon halinka, inda ake auna wa mace haɗin mai da cokali daidai kuɗinta, ba suna ba takarda. Irin waɗannan haɗe-haɗe sukan ƙunshi hydroquinone, ko magungunan steroid masu ƙarfi kamar clobetasol, wani lokaci har da sinadarin makuri. Steroid na sirantar da fata, hydroquinone kuma na dakatar da yin melanin. Mace ta cire garkuwarta ke nan, sannan ta fita talla ko ɗibar ruwa da tsakar rana. Sakamakon da aka saba gani shi ne kumatu su yi ja, su ƙone, daga baya su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar magani. Man kariya ba ya gyara wannan ɓarna, yana dai hana ta ƙaruwa. Wadda ta daɗe tana shafa steroid kuma gara ta nemi ma'aikacin lafiya ya tsara mata yadda za ta rage a hankali, domin yankewa lokaci guda na sa fuska ta ɓarke da ƙuraje.

Na uku su ne masu fama da kalaf ko tabon ƙuraje, da masu cutar lupus, da masu shan wasu magunguna da ke sa fata saurin ƙonewa, irin su doxycycline da maganin hawan jini na hydrochlorothiazide.

Manomi mai lafiyayyar baƙar fata wanda ba ya cikin waɗannan rukunai, idan kuɗinsa na abu ɗaya ne, malfa ta fi masa amfani. Mai faɗin baki da ya kai kamar santimita 7 zuwa 8 na rufe goshi da hanci da kunne da ƙeya, tana kuma rage hasken da ke shiga ido, wanda ke taimakawa wajen kawo yanar ido. Hular kwano ta zamani ba ta rufe kunne. Lafaya ko mayafi ma na taimakawa idan saƙarsa ta yi kauri. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ɗaga ƙyallen a rana: in ana hango haske ta cikinsa sosai, to UV ma na wucewa.

Yadda ake karanta roba

Lambar SPF, wadda ake rubutawa FPS a wasu kayan ƙasashen da ke amfani da Faransanci, tana auna kariya daga UVB ne kawai. Lamba 15 na tare kusan kashi 93 cikin 100, lamba 30 kusan kashi 97, lamba 50 kusan kashi 98. Tazarar da ke tsakanin 30 da 50 ba ta kai yadda farashi ke nunawa ba. Don tabbatar da kariya daga UVA sai a duba wata alama dabam: a kayan Turai haruffan UVA ne a cikin da'ira, a kayan Asiya kuma PA da alamun tarawa a gabanta.

Mayukan da aka yi da zinc oxide ko titanium dioxide ba su cika sa ƙaiƙayi ba, amma sukan bar toka-toka a baƙar fuska, kuma wannan ne ke sa mutane da yawa su watsar da su bayan kwana biyu. Masu launin ƙasa, waɗanda aka sa musu iron oxide, sun fi dacewa, domin suna sajewa da fata kuma suna tare hasken da ido ke gani. Su ne suka fi amfani ga mai kalaf.

Man kaɗanya da man riɗi da basilin suna laushin fata, amma kariyar da suke bayarwa daga rana kaɗan ce ƙwarai, ba ta isa a dogara da ita ba.

Tsarin safiya, da batun alwala

Tsarin ba shi da tsawo. A wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, a bari ta bushe, a shafa man da aka saba idan fatar mai bushewa ce, sannan man kariya ya zo a ƙarshe, kamar minti 15 zuwa 20 kafin fita. Hoda ko kwalli su biyo baya. Kamfanoni na gwada lambar SPF ne da miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata, kuma yawancin mutane ba sa shafa ko rabin haka. A aikace, layi biyu na mai a tsawon yatsa manuniya da ta tsakiya shi ne kimanin abin da fuska da wuya ke buƙata. Da wannan awo, robar mililita 50 za ta yi kusan kwana 40 idan sau ɗaya ake shafawa a rana. Kunne da ƙeya da leɓen ƙasa su ne wuraren da aka fi mantawa.

Ƙa'idar da ke jikin roba ita ce a sake shafawa duk bayan awa biyu idan ana cikin rana, da kuma bayan gumi mai yawa. Ko wanda aka rubuta yana jure ruwa, minti 40 ko 80 ne iyakarsa. Ga Musulmi akwai ƙarin lissafi da kamfanonin ba su yi ba: alwalar azahar na wanke abin da aka shafa da safe, a daidai lokacin da rana ke da sauran ƙarfi. Wanda ba zai iya shafawa sau da yawa ba, to ya tsayar da lokaci biyu, bayan hantsi ya fara ɗagawa da kuma bayan sallar azahar. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ne hasken ya fi ƙarfi, kuma ana iya ganewa ba agogo: idan inuwar mutum ta fi shi gajarta, lokacin neman gindin bishiya ya yi.

Dilka da turaren dukhan, waɗanda matan Sudan suka shahara da su har suka zama kayan gyaran amare a Kano da Maiduguri, suna goge mataccen saman fata. Fatar da aka goge ta fi saurin jin rana a kwanakin da suka biyo baya. Lemon tsami da ake matsawa cikin haɗin fuska ya fi haɗari, domin akwai sinadari a cikinsa da ke ƙona fata idan ya haɗu da UVA, ya bar baƙin shaci na watanni.

Jaririn da bai kai wata shida ba, ba a shafa masa. Inuwa da sutura ne kariyarsa.

Bayan yaƙi

Rikicin Yulin 2022 a jihar Shuɗin Nilu ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, kuma sai a Janairun 2025 sojoji suka sake karɓe birnin. Asibitoci da kantunan magani na yankin sun sha wahala, ciki har da cibiyar kula da masu sankara ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda mutanen jihohin tsakiya suka dogara da ita. A irin wannan hali kayan jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce sukan cika kasuwa. Man kariya na lalacewa da zafi, kuma a Afrilu da Mayu zafin yankin na wuce digiri 40, don haka robar da ta kwana kan teburin mai talla a rana ba abin saye ba ce. Idan man ya tsinke, ko ruwa ya rabu da mai, ko warinsa ya sauya, ya tashi daga aiki.

Akwai kuma wani ciwon fata da ke kama da ƙunar rana amma yunwa ce tushensa. Mutanen da abincinsu ya koma dawa ko masara zalla, ba wake ba gyaɗa ba nama, sukan rasa sinadarin niacin, sai fatar fuska da wuya da bayan hannu ta yi baƙi ta dinga saɓa, sau da yawa tare da gudawa da ruɗewar tunani. Likitoci na kiransa pellagra. Man shafawa ba ya warkar da shi, ƙwayar nicotinamide da gyaran abinci ne maganinsa. Haka kuma duk gyambon da ya wuce wata guda a fuska ko leɓe ko kunne bai warke ba, ko yake zubar da jini da an ɗan taɓa shi, musamman a jikin zabiya, a kai shi asibiti a duba maimakon a ci gaba da shafa masa mai.