Sukhumvit: Unguwar da Kowane Baƙo Ya Bar Tukunyarsa



A makon nan za mu leƙa Sukhumvit, unguwar da 'yan kasuwarmu masu zuwa sari Bangkok, babban birnin Thailand, suka sani sarai. Cikin 'yar tafiya kaɗan mutum zai wuce gidan abincin Larabawa, na Indiyawa, na 'yan Koriya da na Japanawa. Yaya aka yi suka taru wuri guda?

Mu fara da abincin 'yan ƙasa, domin shi kansa akwai hannun baƙi a ciki. Barkonon da girkinsu ya shahara da shi, Turawan Fotugal ne suka kawo shi bayan sun isa Ayutthaya, tsohon babban birnin, a 1511. Miyar massaman, mai kirfa da kanumfari, ana danganta ta da fataken Musulmi na ƙarni na 17. Taliyar pad thai kuwa, tushenta na Sinawa ne. Gwamnatin Phibun ce ta tallata ta wajejen 1940 a matsayin abincin ƙasa.

Ita ma Sukhumvit haka ta cika. Yankin Nana ya samo sunansa daga wani gidan Musulmi 'yan asalin Indiya masu filaye a wurin. Lokacin yaƙin Vietnam sojojin Amurka masu zuwa hutu suka jawo otal-otal da abincin Turawa. A shekarun 1980 baƙi daga ƙasashen Larabawa suka yawaita, har layi na 3/1 ya koma "Layin Larabawa". Japanawa ma'aikatan kamfanoni suka zauna Phrom Phong, 'yan Koriya suka kama bakin layi na 12. 'Yan Afirka masu sarin tufafi a kasuwar Pratunam su ma suka samu masu girka musu na gida.

Sai dai tun daga 2014 hukumar birnin take tashin masu sayar da abinci a bakin titi, ga kuɗin haya na ta hawa. Mai ƙaramin jari, wanda da shi aka kafa sunan unguwar, shi ne ke fara kwashe tukunyarsa.

Ga masu niyyar zuwa: naman alade ya yawaita a girkinsu, don haka mu riƙa duba tambarin halal kafin mu zauna.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.