Tsarin Fansho na Adashen Gata a Jigawa da Ƙasar Haɗejiya

Tsarin fansho na adashen gata shi ne hanyar da Jihar Jigawa ke biyan ma'aikatanta haƙƙoƙinsu bayan sun bar aiki. An kafa shi a shekarar 2001, a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, shekaru 10 bayan ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agustan 1991. Ya riga dokar gyaran fansho ta tarayya ta 2004, wadda ta kafa hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom. Kafin nan, dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ce ginshiƙin harkar: gwamnati kaɗai ke biya daga kasafin shekara, kuma sau da yawa bashin 'yan fansho kan taru.

A tsarin Jigawa, ana cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, gwamnati ta ɗora kashi 17. Kuɗin na shiga asusu ɗaya na kowa da kowa, a juya shi ta hanyar zuba jari. Ana lissafin haƙƙin mutum bisa albashinsa na ƙarshe da shekarun da ya yi yana aiki. Wanda ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki yana karɓar garatuti a dunƙule, sannan fansho wata-wata. Idan ya rasu yana aiki, magadansa ne ke karɓa. Tsarin tarayya ya sha bamban: kowane ma'aikaci na da asusunsa, kuma tun dokar 2014 yana zuba kashi 8, mai ɗaukarsa aiki ya zuba 10.

Daga Dutse ake gudanar da tsarin, kuma ya ƙunshi ma'aikatan jiha, na ƙananan hukumomi da malaman firamare. A masarautar Haɗejiya ya shafi ƙananan hukumomi 8: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are kuwa, da ke kula da aikin noman rani na Auyo, suna bin tsarin tarayya.

A wannan yanki, shirin ritaya ba ya rabuwa da fadama. Da wuya a sami malami ko akawu da ba ya noma, kuma garatuti kan tafi ne wajen sayen gona, injin ban-ruwa, taki da irin shinkafa ko alkama, ko kammala ginin gida da aurar da 'ya'ya. Jarin na da albarka, amma yana da haɗari. Ciyawar kacala na toshe hanyoyin ruwa, ambaliya kuma, irin ta 2020 da 2022, kan shanye gonar shinkafa tana gab da nuna. A irin wannan shekara, fanshon wata ne ke riƙe gida har a shiga noman rani, shi ya sa biyan sa a kan lokaci ya fi yawansa muhimmanci ga tsohon ma'aikaci.