Tarihin wuƙa da kubenta, daga Taruga zuwa Dei-Dei

Duk shekara idan babbar sallah ta matso, magidanta suka fara neman wuƙar yanka, sai ka ji ana cewa wuƙaƙen Sin masu araha sun kashe ƙira a ƙasar Hausa. Ban yarda da wannan magana ba, kuma tarihi bai goyi bayanta ba. Ƙarfen waje ya haura shekara 170 yana shigowa kasuwanninmu da yawan gaske, maƙeri kuwa yana nan yana zuga wutarsa. Abin da ke shirin ɓacewa shi ne kube, da hannun badukun da ke ɗinka shi, da tsohuwar hulɗar da ta sa wuƙa ba ta barin maƙera sai ta bi ta rumfar dukawa. A wannan hulɗar ribar sana'ar take tun asali, kuma Dei-Dei da ke kan hanyar Kubwa zuwa Zuba a Abuja wuri ne mai kyau na ganin yadda ta warware.

Mu fara da ƙasar da Abuja take a kai. A Taruga, kudu maso gabas da birnin, masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya tono matoyan narka tama a shekarun 1960, kuma awon masana ya kai su wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin mutanen Nok. Suna cikin tsofaffin shaidun narka ƙarfe a Afirka ta Yamma. A Kano ma labarin kafuwar gari labarin maƙera ne: Abagayawa suna danganta kansu da wani maƙeri mai suna Kano da ya taso daga Gaya yana neman tama, ya zauna a gindin Dala, kuma an sami alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. A wancan lokaci maƙeri shi ke haƙo tamarsa, ya narka ta da gawayi, ya fitar da ƙarfe, sannan ya ƙera. Aiki ne mai cin itace da ƙarfin mutane, abin da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka da ƙarfen waje ya samu hanya, babu wanda ya juya masa baya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, kowanne a kan wuri 1,000, kusan dukansu ƙirar garin Solingen na Jamus. Abin lura shi ne tsirara suke zuwa. A Kano ake sa musu ƙota, a yi musu kube, sannan Buzaye da Fulani da Nufawa da Barebari su saya. Takobin da barde ke ratayawa da hamila ranar hawa, ruwansa na iya zama na Bature, amma duk abin da ido ke gani da abin da hannu ke riƙewa aikin Kano ne: maƙerin baƙi ya ɗaura, maƙerin fari ya yi adon tagulla a baki da gindin kube, baduku ya lulluɓe da jar fata. Wani zai ce ai wannan dogaro da baƙi ne tun da wuri. Haka ne, ta fuskar ƙarfe. Sai dai fatake ba su kai wannan kaya Agadas ko Kukawa kai tsaye su huta ba, dole suka biyo da shi ta kasuwar Kurmi, domin a nan ne masu mayar da sandar ƙarfe abin ratayawa suke.

Fatar kuwa ba ta da na biyu. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce ayari ke ƙetara Sahara da fatarta, ta isa Turai daga tashoshin Arewacin Afirka, har aka riƙa kiranta fatar Maroko, sunan da ya bi ta zuwa bangon littattafan Ingila. Majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Baƙin launin da ake zane da shi, kuloko, daga ƙarfe ake haɗa shi, domin ƙarfe idan ya gamu da sinadarin bagaruwa da ke jikin fata baƙi yake komawa. Wato har tawadar baduku daga maƙera take fitowa. Unguwannin Dukawa da Majema a cikin birnin Kano, da sarautun Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa a fadodin ƙasar Hausa, sun nuna irin matsayin da sana'o'in suka taka.

Girgiza ta biyu, bayan shigowar ruwan takobin Turai, ta zo da jirgin ƙasa, wanda layinsa ya isa Kano a 1911. Narka tama ya mutu a hankali, domin babu mai wahalar haƙa alhali ga guntayen ƙarfen dogo, daga baya kuma ga gawarwakin motoci. Da ƙarfen waje ke kashe ƙira, da a lokacin aka yi jana'izarta. Philip Jaggar, wanda ya zauna da maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970 ya kuma fitar da littafi a kansu a 1994, ya nuna akasin haka: ƙarfe ya yi sauƙi, noman gyaɗa ya buɗe kasuwar fartanya da garma, maƙera suka ƙara samun aiki. Sifirin mota ya gaji tama, kuma a gaskiya ya fi ta, tunda ƙarfe ne da aka riga aka tace a masana'anta.

Yanzu a dubi Dei-Dei. Tun da aka ƙaura da gwamnati zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991, wurin ya zama rumbun birnin: ga kasuwar kayan gini, ga 'yan katako, ga panteka, ga kara da mayanka. Duk abin da wuƙa ke buƙata yana nan kusa da juna, ƙarfe da icen ƙota da ɗanyar fata, ga kuma mahauta da masu tsire da Fulani makiyaya, mutanen da ba sa wuni babu wuƙa a hannu. Amma fatar ba ta haɗuwa da ƙarfen. Ta shanu da yawa ganda take zama, a babbake ta a kai tukunya. Ta awaki da tumaki dillalai ke sa wa gishiri su tura manyan majemun Challawa da Sharaɗa a Kano, inda akasari ake jeme ta da sinadarin kurom a fitar da ita Italiya da Sifen. Wuƙar da maƙeri ya gama sai a naɗe ta a kwali ko a ɗaure ta da robar tayar babur. Da wuƙa ta rasa kube sai ta koma kayan awo, a jera ta kusa da ta Sin, mai saye ya dubi farashi kawai, kuma a wannan gasar maƙeri mai masaba ɗaya ba zai taɓa kayar da inji ba.

Abin da ya sa nake ganin akwai mafita shi ne yadda al'amarin ya kasance a wasu ƙasashe. A Amurka masana'antu sun kusa shafe ƙirar wuƙa da hannu, sai masu sha'awa suka raya ta, malamai da direbobi da 'yan fansho masu hura wuta a bayan gida ranar hutu. Wani maƙeri mai suna Bill Moran ya dawo da ƙarfe mai zanen Dimashƙa a 1973, aka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta ƙasar a 1976, shirin talabijin na Forged in Fire ya fara a 2015 ya ƙara jawo dubban matasa. Da yawa daga masu farawa da sifirin mota suke koyo, irin wanda ke jibge a panteka, kamar yadda maƙeran Nepal ke yin wuƙarsu kukuri da shi. Fatar kube kuma ba sa yarda da jimar kurom, domin tana iya sa ruwan wuƙa tsatsa kuma ba ta riƙe siffa. Jimar tsirrai suke nema, wadda za a jiƙa a matse ta a jikin wuƙar ta bushe daidai da ita. Jimar bagaruwa ke nan. Ƙirgi ya yi jikin kube, jar fatar akuya ta yi riga, basilla da zare su gama aiki.

Akwai masu cewa ƙira gado ce, wanda bai gada ba wuta za ta ci shi. Ina girmama gidajen maƙera da sirrinsu, amma dubban matasan da ke walda a Abuja babu wanda ya tambaye su sunan kakansu. Kuma maƙerin gado ma yana da abin ƙaruwa. Laifin wuƙar gida da aka fi kuka da shi, ko ta dakushe da wuri ko ta karye, daga wuri biyu yake: yin ta da rodi, wanda ba ya riƙe kaifi, ko tsoma ta a ruwa tana ja a bar ta haka. Sifiri so yake a kai shi zafin da ya ɗan haura digiri 800, a tsoma a mai, sannan a sake gasa shi a hankali a wajen digiri 200 don ya rage gautsi. Irin wannan haɗuwar gado da sabon ilimi an taɓa yin ta nan kusa, a tsohuwar Abuja da ake kira Suleja yau, inda Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a 1954 da ginin da ta koya a gida, ta ƙara da gashin zamani. Hotonta ne a bayan naira 20. Cibiyar binciken fata da ke Samarun Zariya, wadda tushenta ya faro a 1964, tana iya yi wa dukawa makamancin haka.

Wasu kuma za su kawo batun tsaro, su ce a garin da ake fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya wa zai ƙarfafa yin wuƙa. Damuwar gaskiya ce, kuma panteka ma tana da nata tabon, tunda a Janairun 2025 hukumar birnin tarayya ta dakatar da kasuwannin na mako biyu kan sayen ƙarfen sata, ciki har da murafen magudanun titi. Dole mai ƙira ya san inda ƙarfensa ya fito. Amma ɗan daba ba ya ba da aikin wuƙa ya jira mako biyu a ɗinka mata kube mai zane. Ta bakin titi yake saya ya soke a ƙugu, ya jefar idan ya ga 'yan sanda. Wuƙar da ke ɗauke da tambarin maƙerinta a gindin ruwa da ɗinkin badukun da aka sani ita ce ake iya bin sawunta, kuma masu sayenta su ne mahaucin da zai yi shekara goma yana wasa ta, da magidancin da ke fito da ita ranar layya ya shafe ta da mai ya mayar, da mahayin da ke neman wuƙar damtse ta dace da kayan dokinsa a hawan sallah.