Zaman Makoki Tun Daga Rasuwar Shehu

A watan Afrilu na 1817 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato, bayan ya daɗe yana jinya. Cikin 'ya'yan da ya bari akwai Muhammadu Bello, wanda aka yi wa mubaya'a, da Nana Asma'u, wadda ba ta kai shekara 25 ba a lokacin. Ita ce daga baya ta yi fice wajen rubuta marsiyya, ta yi wa baffanta Abdullahin Gwandu, ta yi wa Bello da ya rasu a 1837.

Shi kansa Shehun, a littafinsa Ihya'us Sunna, ya soki bidi'o'in da ake cusawa cikin jana'iza. Amma al'ada ba ta mutuwa da wuri. Aka ci gaba da shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza a waje, mata a ciki, ana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ana rabon gumba da waina. Idan mamacin ya sha jinya, bayan "ya haƙuri?" sai a ƙara da fatan Allah ya sa ciwon ya zama kaffara. Addu'ar nan ta fi kowace sanyaya zuciyar ɗan da ya kwana a gefen tabarmar uba.

Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta sake tayar da muhawara kan waɗannan al'adu. Yau a gidaje da yawa, bayan kwana uku ake naɗe tabarmi.