Daga Daɓe Zuwa Tayil: Abin da Ƙasan Ɗakinka Ke Bukata

Mai karatu, in akwai tsohuwa a gidanku a Dalijan ko cikin garin Gwandu, tambaye ta yadda aka yi ƙasan ɗakin aurenta. Za ta ba ka labarin daɓe. Mata kan taru, a baza marmara ko tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har wurin ya yi santsi. Daga nan sai a shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, domin ya ƙara masa ƙarfi da duhun launi. Tsaftarsa ba ta wuce tsintsiya da ɗan yayyafin ruwa ba, kuma wannan yayyafi hikima ce, domin yana hana ƙura tashi ta shiga ƙirji.

Siminti ne ya fara ture daɓe. An kafa kamfanin siminti na Kalambaina kusa da Sakkwato a 1962, ya fara aiki a 1967, sannu a hankali buhunansa suka kai ƙauyuka. Bayansa tarazo ya shiga asibitoci da makarantu, sannan tayil da mabul suka zo gidajen masu hali. Ƙasan ɗaki ya sauya cikin shekaru kaɗan, kwalaben wanki suka cika kantuna, amma ba wanda ya zauna ya koya mana amfani da su kamar yadda uwa ke koya wa ɗiyarta daɓe.

Ita ma bilic, wadda muka fi sani da Hypo ko Jik, tana da nata tarihin. Berthollet ne ya haɗa ta a Javel da ke Faris wajen 1789, domin faranta tufafi. A shekarun 1820 wani mai haɗa magunguna, Labarraque, ya nuna amfaninta wajen kashe wari da tsaftace asibitoci. Ina alfahari da cewa abokin sana'ata ne. Sai dai sinadarin da ke cikinta, kulorin, shi ne iskar gubar da aka saki kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915.

Wannan iska za ka iya tayar da ita a banɗakinka. An taɓa kawo mana wata baiwar Allah tana tari, idanunta na zubar da ruwa, numfashi na sarƙewa. Laifinta kawai ta zuba bilic a kan ruwan wanke masai mai asid, ta rufe ƙofa, wai don tayil ya fi haske. Kada ka haɗa bilic da komai sai ruwa, kuma ka buɗe taga. Mai asma ya bar wurin har ya bushe.

Tayil na jure bilic, amma a fara wanke shi da sabulu, domin datti na cinye ƙarfinta. In kwalbar ta nuna kashi 3.5 cikin 100, awo ɗaya a cikin awo 34 na ruwa ya isa, kuma ba kullum ake bukata ba sai in akwai marar lafiya a gida. Mabul da tarazo kuwa dangin farar ƙasa ne. Asid, ko da ruwan lemun tsami ne ko binega, yana cinye fuskarsu ya bar tabon da ba ya gogewa. Ruwa da sabulu kaɗan sun wadatar. Katako, in kana da shi, ruwa ne abokin gabarsa: tsumma mai ɗan laima, a bi da busasshe.

Kananzir da wasu ke shafawa don ƙyalli da korar ƙwari, ban ga dalilinsa ba. Yana sa santsin da ke kayar da tsofaffi, ga jariri mai rarrafe yana kai hannu baki. In yaro ya sha kananzir ko bilic, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.