Dodan, Arakan da Myohaung: Sunayen da Mazan Jiya Suka Bar Mana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Duk wanda ya daɗe a garin nan na Legas ya san barikin Dodan a Obalende, ya san Arakan da Tamandu a Apapa, ya san Myohaung da Marda a Yaba, da Abalti a Ojuelegba. 'Yan'uwanmu na Sabo a Badun kuwa ga barikin Letmauk nan kusa da su a Mokola. Kullum muna ambaton sunayen nan in za mu hau mota ko za mu kai kaya, amma kaɗan ne cikinmu suka san daga ina suka fito. Har akwai masu zaton Dodan daga kalmar dodo ce, don can ne shugabannin mulkin soja suka zauna har zuwa 1991. To ba haka ba ne. Waɗannan sunayen wurare ne a ƙasar Bama da ƙasar Habasha, inda kakanninmu suka yi yaƙi, inda kuma aka binne waɗansunsu.

Asalin sojan Najeriya ma a nan Ikko yake, kuma da Hausawa aka kafa shi. A 1863 wani Bature mai suna Gulba, wato John Glover, ya tara 'yan mutane ƙalilan masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Har yau rundunar sojan ƙasar nan daga wannan shekara take lissafin haihuwarta. Da su ya tafi yaƙin Asante a 1873. Sannu a hankali Hausa ta zama harshen bariki, ko Bature in zai riƙe soja sai ya koye ta. Zaman Hausawa a Obalende ma da barikin soja ya yi ƙarfi.

Akwai abin da ba za mu ɓoye ba, don tarihi amana ne. Irin wannan runduna ce Lugga ya yi amfani da ita ya ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma yawancin masu riƙe da bindigogin 'ya'yan ƙasa ne. Wannan tabo ne, kuma shi ya sa aka daɗe a arewa ana kallon aikin soja a matsayin aikin wanda ba shi da gata. Hisabinsu yana wurin Allah. Amma 'ya'yansu da jikokinsu da aka kwasa zuwa yaƙin duniya, su labarinsu dabam ne.

A yaƙin duniya na farko, tsakanin 1914 da 1916, sun kara da Jamus a Kamaru, a Garwa da dutsen Mora, daga nan aka wuce da su gabashin Afirka. Da yaƙin Hitila ya zo sai Turawa suka koma wa sarakuna, sarki ya umarci hakimi, hakimi ya umarci dagaci, kowane gari a kawo samari. Wani ya tafi don kuɗi, wani don kaki ya burge shi, wani kuwa ba a ma tambaye shi ba. A farkon 1941 sojan Najeriya suka shiga Mogadishu, suka kori Italiya har cikin Habasha. Marda wata mashiga ce tsakanin duwatsu a kan hanyar Harar, a can aka gwabza, shi ne sunan da ke Yaba yau.

Sai Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. A 1943 aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 daga Najeriya da Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, da Saliyo da Gambiya. Aka zuba su a jirgin ruwa, makonni suna kan teku kafin su sauka Indiya. Ku duba fa, yaron da ya tashi a Gumel ko Argungu, bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba. Aka tura su yankin Arakan, cikin kwarin kogin Kaladan, kurmi ne da duwatsu inda mota ba ta shiga. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu. Daga nan sai kai: dubban 'yan dako cikin kakin soja, da gammo, suna ɗauke da akwatunan harsashi da sassan igwa suna hawan dutse. Ga damina mai watanni, ga zazzaɓi da atini, ga matsattsaku, ga sojan Japan da ba su san miƙa wuya ba. Bataliya uku ta 'yan Najeriya ma an sa su cikin rundunar Chindit, wadda ake saukewa bayan abokan gaba, sunan da barikin Zariya yake ɗauke da shi. A Janairun 1945 suka karɓe tsohon birnin Myohaung.

Wani labari ya kamata kowane Musulmin unguwar nan ya sani. Isaac Fadoyebo, Bayarabe ne Kirista daga wajen Owo, ma'aikacin jinya a rundunar. A 1944 Japanawa suka buɗe musu wuta a bakin Kaladan, aka ragargaza masa ƙafa, aka bar shi cikin gawawwaki. Wani talaka Musulmi mai suna Shuyiman ya ɗauke shi, shi da wani ɗan Saliyo, ya ɓoye su a gidansa, yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in aka gane kashe shi za a yi. Fadoyebo ya dawo ya zauna a Legas har ya tsufa. Mu da muke zaune a garin wasu, muna cin arzikin maƙwabtaka, wannan darasi namu ne.

Waɗanda ba su dawo ba, akwai sunayensu a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Waɗanda suka dawo a 1946 kuwa, an sallame su da lambobin yabo da ɗan abin da bai kama ƙafar na Bature ba. Wasu sun koma gona. Da yawa sun ga ba za su iya komawa ƙauye hannu rabbana ba, sai suka tsaya a kudu, suka shiga aikin ɗan sanda, ko tuƙi, ko gadin kantunan Turawa da Kwara. Mu da muka haura hamsin mun riski ƙarshensu: Baba Kofur, Baba Saje, tsofaffi masu miƙaƙƙen baya da ba su son yawan magana, ana ce musu 'yan Bama. Da kuɗin gadinsu aka sayi kwanon rufin wasu masallatanmu. Yau da wuya a samu ko ɗaya a raye.

Amma mazan jiya ba su ƙare ba. Akwai na Kwango, akwai na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, akwai na Laberiya da Saliyo, ga kuma matan da aka kashe wa mazaje a arewa maso gabas, da marayunsu. Kowace 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, gwamnati takan ajiye furanni, a saki tantabaru, a busa begila. Madalla. Sai dai fure ba ya sayen magani, kuma tsohon da ke bin layin fansho ba ya ganin tantabara.

Saboda haka kiranmu ga Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai 'yan'uwanmu shi ne, kowace unguwa ta rubuta tsofaffin sojojinta da gwaurayen da suka bari. Mai ciwo a duba shi, mai bin haƙƙinsa a haɗa shi da yaro mai ilimin boko ya raka shi ofis, wanda ya cancanci zakka a sa shi a gaba. Ku kuma matasa, wayar nan da ke hannunku, ku je ku zauna gaban tsohon nan ku ɗauki maganarsa tun yana iya yi. In a gidanku akwai lamba ko takardar sallama a ƙasan adaka, kada a sayar wa 'yan gwangwan.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na nan da na dajin Bama. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kada Ya sake nuna mana yaƙi. Amin.