Heinrich: sunan da ke nufin "maigida"

Littattafan sunaye da ake sayarwa a Faransa da Jamus kan jera halaye a gaban kowane suna, kamar dai suna ne ke haifar da hali. Idan aka zo kan Henri, ko Heinrich a bakin Jamusawa, sai a ce mai shi mutum ne mai natsuwa, mai kwarjini, mai riƙon iyali. Wannan zance daga ma'anar sunan aka tatso shi. A tsohon Jamusanci kalmomi biyu ne aka haɗa: "heim", wato gida, da "rihhi", wato mai iko. Bahaushe zai ce maigida ke nan.

Sai dai mutanen da suka ƙago irin waɗannan sunaye ba duba suke yi da su ba. Sau da yawa akan ɗauki rabin sunan uba a liƙa wa wani rabi na dangi, ko ma'ana ta tashi ko ba ta tashi ba. Daga baya aka koma maimaita sunan kaka dungurungum, domin a san jinin da yaro ya fito. Abin da ya yaɗa Heinrich sarauta ce: Heinrich na Ɗaya ya hau gadon Jamus a 919, Heinrich na Biyu kuma, wanda ya rasu a 1024 bai bar ɗa ba, Coci ta sa shi cikin waliyyanta a 1146. Talakawa suka bi sahu har sunan ya zama ruwan dare. Jamusawa na cewa "Hinz und Kunz", gajarcen Heinrich da Konrad, idan suna nufin kowa da kowa. Gidan sarautar Reuss ya wuce gona da iri: duk namijin da aka haifa Heinrich ne, sai a bambanta su da lamba, har aka sami Heinrich na 72.

To, halin fa? Heinrich na Huɗu ya tsaya kwana uku cikin ƙanƙara a ƙofar Kanosa a 1077 yana neman gafarar Fafaroma Gregori na Bakwai, bayan shekara bakwai kuma ya kore shi daga Roma. Henry na Takwas na Ingila ya auri mata shida, ya sa aka fille kan biyu. Henri na Huɗu na Faransa ya sasanta Katolika da Furotesta da dokar Nantes a 1598. Suna ɗaya, hali kowa da nasa. Mai littafin sunaye wanda ya dace da lissafinsa kawai yake tunawa.

Mu ma wani mai sunan ya taka ƙasarmu. Heinrich Barth, haifaffen Hambag a 1821, ya shiga Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa a farkon 1851, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Abin lura shi ne ya ajiye sunansa na yanka, ya ɗauki Abdulkarimu, don ya san a nan suna shaida ce ta wanda za a amince wa. Wannan "maigida" bai taɓa aure ba. Ya rasu a Balin a 1865, yana da shekara 44.